Inabin da Na Datse Ranar Juma'a

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da ƙanena, shekara shida ke tsakaninmu. Zan faɗi abin da na yi masa, don yanzu na tsufa, waɗanda nake jin kunyarsu duk sun riga ni gidan gaskiya. Ni mutum ne mai hassada. Ba ta kowa da kowa ba, maƙwabci ya sayi doki ko ya yi soro bai taɓa hana ni barci ba. Ta ƙanena ce kaɗai, kuma tun yana rarrafe na fara.

A zamanin da nake magana Tudun Wada ba ta kai yadda take yau ba. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, Nasara kuma sun ware mana wannan fili a bayan ganuwa, mu Hausawa da ba 'yan asalin birni ba. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi da shingen zana, in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango dawa. Baba mutumin ƙasar Kano ne. Yana saurayi ya tafi aikin hajji da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, da ya dawo bai zauna a garinsu ba, ya yi ta gangarowa har ya tsaya a nan. Ya samu wani fili a bakin rafin Kubanni ya kafa jigon ɗebo ruwa, ya fara lambu. Da ƙarfinsa ya ragu, idonsa kuma ya fara hazo, sai ya raba lambun biyu da layin zogale, gabas nawa, yamma na ƙanena.

Ni na gaji hannun Baba a lambu, wannan ko maƙiyina ya sani. Albasata har cikin birni ake tambayarta. Na san fangalin da ke son ruwa sau biyu da wanda sau ɗaya ya ishe shi, ina duban ganyen gauta in gaya maka abin da ke cin saiwarta. Ƙanena kuwa nasa ɓangaren rabi aiki rabi ciyawa, saboda ya samu aikin kula da furanni a gidan wani Bafaranshe da ke sayen gyaɗa da fatu kusa da tasha. Da safe yana can, sai bayan azahar yake leƙo lambu. Namiji da gemunsa, wai yana ba fure ruwa, abin da ba a miya da shi! Amma da yamma in muka zauna a zaure, ni da na yini ina jan guga sai Baba ya ce mini sannu, sau ɗaya, ya juya wajen ƙanena ya ce, "To, yau kuma me Baturen naka ya ce?" Shi kuma ya gyara zama ya fara zuba. Ya iya labari, ba zan zalunce shi ba. Ni bakina bai taɓa yin zaƙi ba.

Baba yana da labari guda da ba ya gajiya da shi. Wai a ƙasar Larabawa, bayan sun gama aikin hajji, zazzaɓi ya kwantar da shi a wani gari na kan duwatsu, har abokan tafiyarsa suka fid da rai. Wani tsoho mai lambu ya ɗauke shi ya kai shi ƙarƙashin rumfar inabi, ya riƙa tsinko masa ɗanye yana matsa masa a baki har ya tashi. Mu dai zabibi muka sani, busasshe, wanda fatake ke kawowa ɗan kaɗan a ƙulli. Ɗanyen inabi sai a karatu muke jin sunansa, cikin kayan marmarin Aljanna. Kullum in Baba ya kai ƙarshen labarin sai ya lashi leɓe ya ce, "Da zan ƙara sa ƙwaya ɗaya a bakina kafin in mutu, da na gode Allah." Mun ji wannan magana har mun daina jin ta.

Wata rana ƙanena ya dawo da labarin ƙasar su Bafaranshen. Ya ce a garinsu ba a noma gero ba a noma dawa, inabi ne kawai, tudu bayan tudu, layi-layi har iyakar ganinka. Ya ce hukumarsu ta fito da ma'aikata sun auna ƙasar sun shata mata iyaka, an rubuta a takarda, daga wannan rafi zuwa wancan tudu. Giyar da aka yi da inabin cikin iyakar ita kaɗai za ta amsa sunan ƙasar. In gonarka ta faɗa bayan iyaka, ko da taku goma ne, ko iri ɗaya kuka shuka da maƙwabcinka, ba ka da ikon kiran taka da sunan. Wai har rigima ake yi a kan haka, ƙauye da ƙauye.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe su ma suna da 'yan birni da 'yan bayan ganuwa."

Maƙwabcinmu, wani malami da ke zama da mu da yamma, ya yi a'uziyya ya ce ƙasa guda a ba da ita ga giya, ai wannan asara ce. Baba ya ce, "Malam, itacen ba ruwansa. Dawa ma ai ana burkutu da ita, ka daina cin tuwo?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina kallon yadda Baba ya dafa gwiwar ƙanena yana dariyar, sai na tashi na ce zan duba jaki.

A nan ne ƙanena ya tona abin da ya ɓoye: Bafaranshen yana da itacen inabi a bayan gidansa. Daga garinsu ya taho da shi, 'yan sanduna a cikin akwatin jiƙaƙƙen yashi, ya dasa a inda ruwan wankansa ke zuba. Ba a yi wata biyu ba aka ce an mayar da Bafaranshen zuwa Kano, wani Bature zai gaji gidan. Kafin ya tafi, ƙanena ya roƙe shi, ya yanko masa sanduna huɗu, kowace ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, da idanu uku-uku kamar na rake. Ya kawo su a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a gaban Baba. Baba ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya sunsuna. Ya ba ni biyu, ya ba ƙanena biyu. Ya ce, "Wanda duk Allah ya fara ba wa, ya kawo mini."

Tun daga wannan rana na sa wa raina cewa ni zan sa wa Baba inabi a baki. Labari dai an fi ni, na yarda. Amma wannan shuka ce, kuma shuka gidana ce.

Washegari a lambu ƙanena ya tsallako layin zogale ya same ni ina haƙa rami. Ya ce, "Yaya, akwai abin da Baturen ya ce a kula da shi. Ya ce in itacen ya girma, lokacin da…"

Na ce, "Kai za ka koya mini lambu? Ranar da na fara jan jigon nan ko wando ba ka da shi. Je ka ba furenka ruwa."

Ya juya ya koma. Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban tambaya ba.

Kowannenmu ɗaya ta kama, ɗaya gara ta cinye. Na yi wa tawa gata irin wanda ban yi wa ɗan fari ba. Kashin tumaki ruɓaɓɓe, toka saboda gara, ruwa safe da yamma. Na sari gora na kafa rumfa mai ƙafa takwas. Itacen ya gode mini da ganye. Kafin shekara ta zagayo ya hau rumfar, a ta biyu ya rufe ta ruf, rassa na zubowa har ƙasa, inuwa ta yi sanyi har masu wucewa zuwa rafi ke tsayawa su huta. Ban taɓa cire masa ko tsinke ɗaya ba. A saninmu abin da ke yaɗo ba a taɓa shi, kabewa ko duma wa ya taɓa datse musu kai yana neman 'ya'ya? Na ƙanena kuwa yana nan a rame, rumfarsa ƙafa huɗu a karkace, wata rana ya samu ruwa wata rana bai samu ba. In na leƙa ta tsakanin zogale sai in ji daɗi har cikin raina.

Sai dai 'ya'ya babu, nawa da nasa. Na je na gaya wa Baba yadda nawa ya yi ganye, faɗin kowane ganye kamar tafin hannu. Ya ce, "Madalla. Amma ni ba akuya ba ne, ganye bai dame ni ba." Ya faɗa ne da wasa. Ni kuwa na kwana uku ina jin ɗacinta.

A ƙarshen damina ta uku, ana shirin yankan gero, ƙanena ya shigo gida da gudu kamar yaro, babban mutum mai mata da 'ya'ya biyu. Wai ya ga wani abu a nasa. Na bi shi, ban so ba amma na bi. A ƙarƙashin wani reshe ga wasu 'yan tsirarun abubuwa guda biyu suna reto, kore, ƙwayoyinsu ba su kai na gero ba. Abin da za a ce nonon inabi ne in an yi masa kara. Na koma nawa na ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya tun la'asar har rana ta faɗi, wuyana ya ƙage. Babu ko ɗaya.

Washegari aka ɗora Baba a kan jaki, jakina, aka kai shi lambu. Ƙanena ya kama yatsansa ya ɗora a kan abin. Baba ya daɗe yana shafawa a hankali, sannan ya ce, "Shi ne." Daga ranar kullum da la'asar sai a shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin wannan karkatacciyar rumfa, rana na tsaga ta tana dukan kansa, ga tawa can taku ashirin mai inuwa kamar ɗaki ba kowa. Ina jan guga ina jin muryarsu, shi da ƙanena, suna hira suna dariya. Kowane guga na zuba sai in ji kamar a ƙirjina nake zuba shi, kuma ba ya sanyaya komai. Na rame. Matata ta ce, "Malam, wai itace ne zai hana ka cin tuwo?" Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba.

Abin da ke cina ba inabin ba ne kaɗai. Rashin adalcin abin ne, a ganina na lokacin. Ni na yi wahala, shi ya yi sakaci, kuma shi aka ba. Haka yake tun muna yara. In muka je kamun kifi ni ke tare ruwa, shi kifin ke faɗa wa a hannu.

Ranar Juma'a ta biyu bayan wannan, maza suka yi wanka suka sa fararen kaya za a shiga birni masallaci, don a lokacin can muke zuwa, ta Ƙofar Doka. Na ce cikina na murɗawa. Ƙanena har ya jiƙa mini kanwa kafin ya tafi, ya kama linzamin jakin da Baba ke kai suka wuce. Da unguwa ta yi tsit na ɗauki wuƙata ta aiki na gangara rafi. Rana tsaka, ba kowa sai kurciyoyi. Ban yi gardama da zuciyata a hanya ba, ba zan yi wa kaina wannan ƙaryar ba. Na san abin da zan yi tun daren Laraba.

Na fara da reshen da ke ɗauke da 'yan nonon nan biyu. Na yanke shi na jefa a ruwa. Na yi niyyar tsayawa a nan, amma hannuna ya ƙi. Na bi rassan ɗaya bayan ɗaya ina datsewa, kowanne in bar ɗan guntu kamar yatsa, ganye na zubowa a kaina, har rumfar ta koma gora tsirara da kututture da wasu 'yan dungulmi. Na durƙusa zan sare gindin, a gama. Na ɗora wuƙa, sai na kasa. Ba tausayin ƙanena ba ne. Mai lambu ne ni, ban taɓa sare gindin abu mai rai da aka dasa da hannu ba, kuma na ce a raina ai ko haka ma ya mutu. Daga birni na fara jin an tayar da salla, iska ta kawo sautin sama-sama. Na kwashe rassan na watsa a cikin rafi, na wanke wuƙa, na koma gida na kwanta na rufa da zane ina nishi irin na mai ciwon ciki.

Da la'asar suka tafi lambu kamar kullum. Ba su daɗe ba suka dawo. Ina kwance na ji takun jaki. Baba ya shiga ɗakinsa, ya ƙi cin abinci. Abin da kawai ya ce shi ne, "Allah bai nufa ba." Da ya yi zagi ko ya yi Allah ya isa, da na fi samun sauƙi.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce shanun Fulani ne, aka ce musu saniya ba ta yawo da wuƙa. Wasu suka ce masu kiransa itacen giya ne suka yi, har aka fara kallon malamin maƙwabcinmu a kaikaice, bawan Allah da ko kaza bai iya yankawa ba. Ni ma na sa baki a zancen, na ce duniya ta lalace. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya ɗaga murya kusa da ni sai gabana ya faɗi. Da safe na leƙa ta zogale na ga ƙanena bai je aiki ba, yana tsaye a gindin itacen yana bin guntayen da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana duba bakin yankan. Ni bahago ne. Yankana daga hagu yake gangarowa, sumul, bugu ɗaya, kuma duk bakin Kubanni ba wani bahago mai irin wannan hannu. Ya ɗaga kai muka haɗa ido. Ya ce, "Yaya, ya cikin?" Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗauki tulu ya zuba wa kututturen ruwa.

Na yi zaton haukan baƙin ciki ne, ba wa matacce ruwa. Bai fasa ba, kullum sai ya zuba. Bayan kamar mako biyu idanun da ke jikin guntayen suka kumbura, suka fashe. Toho ya fito ja-ja, mai laushi. Kafin wata ya cika sabbin rassa sun miƙe, kuma kusan kowane reshe da nononsa, wani ma biyu. Na ƙirga a ɓoye, na kai talatin na daina, don idona ya fara yaji.

A zaure ƙanena ya faɗi abin da na hana shi faɗa shekara uku da suka wuce. Ya ce Bafaranshen ya gaya masa inabi ba ya haihuwa sai an yi masa aski, a datse shi sosai har ka ji tausayinsa, don a sabon reshe yake 'ya'ya. Amma ya ce a bari sai sanyi ya zo ganye ya zube duka, haka suke yi a ƙasarsu. Shi kuma ya zauna yana jira. Sanyi ya zo ya wuce sau biyu, ganyen nan bai taɓa zubewa duka ba, wani na faɗuwa wani na fitowa, ga ruwan jigo a gindinsa. Yana jin tsoron ya yanka ba a kan lokaci ba ya kashe. Malamin ya kaɗa kai ya ce, "Ikon Allah! Hassada ga mai rabo taki ce." Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, da bakina.

Mai hankali zai ce to ai sai in je in datse nawa. Na yi tunanin haka, har na wasa wuƙa. Amma in na yi, ga yankan can ga yankan nan, taku ashirin tsakani, ko makaho ya shafa zai san hannu ɗaya ne. In kuma na sa wani ya yi mini, ni da ake zuwa tambaya a kan shuka, an ce na koya a wurin mai ba fure ruwa. Na mayar da wuƙar kube. Nawa ya ci gaba da zuba ganye, kore shar, ina wucewa ba na son kallonsa.

Watannin da suka biyo su ne mafi tsawo a rayuwata. Ƙwayoyin suka girma daga gero zuwa wake, daga wake zuwa kamar 'ya'yan kanya ƙanana. Baba kuma yana ta raguwa. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina hawa jaki, sai dai kullum ya tambaya, "Sun fara launi?" Ƙanena ya bar aikin gidan Turawa ɗungum ya tare a lambu. Matarsa ta ɗinka 'yan jakunkuna da tsofaffin zannuwa, ya rufe kowane nono saboda tsuntsaye da jemagu. Duk unguwa tana fargabar ko Baba zai kai. Ni ma ina fargaba, ubana ne, ina son sa, wataƙila ma na fi kowa. Ban taɓa fatan ya mutu bai ci ba, Allah ya tsare. Amma akwai ranakun da na ga garken tsuntsaye ya sauka a yamma da zogale, na tsaya ina kallo ban ce kai ba.

Zafi ya fara shigowa sa'ad da suka nuna, baƙi-baƙi da ɗan fari-fari a jiki kamar an barbaɗa toka. Wata ranar Litinin da hantsi ƙanena ya yanko nono na farko ya ɗoro a kan faifai. Aka fito da Baba zaure aka jingina shi da bango. Maƙwabta suka cika wurin, har da waɗanda ba mu gayyata ba, mata na leƙe ta bayan zana. Na zauna can kusa da ƙofa. Ƙanena ya tsinki ƙwaya ɗaya ya sa masa a baki.

Baba ya yi bisimilla, ya rufe ido. Bai tauna da wuri ba. Muna jin ƙarar fashewarta a bakinsa saboda shirun da aka yi. Hawaye suka gangaro ta cikin gemunsa. Can ya ce, "Na can ya fi zaƙi. Amma shi ne. Wallahi shi ne." Aka yi ta hamdala. Ya ci uku, ya ce a ba kowa ɗaya. Da aka zo kaina na karɓa na sa a baki. Da tsami-tsami, da zaƙi daga baya, ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma da ƙyar ya wuce maƙogwarona.

Sai Baba ya ce, "Wanda ya sare itacen nan, ko wane ne, ku shaida na yafe masa. Da na san shi ma da na gode masa."

Ƙanena ya ce, "Ai yana nan, Baba. Hannun Yaya ne. Tun ranar na gane, ba mai yanka irin nasa. Da ba don shi ba, da har yau ina zaune ina jiran ganye ya zube."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, bai ƙara ko kalma ba, kuma bai dube ni ba, idonsa na kan faifai. Baba ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa yana lalubena da idon da ba ya gani. Ya ce, "Kai ne? Zo nan." Na ja jiki na durƙusa a gabansa, na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta.

Ya ce, "Ka ga halinka ke nan. Ka san yaron nan ba zai yarda a taɓa masa itace ba, shi ya sa ka bari sai ba kowa. Ka bar naka ka gyara nasa, ka yi shiru wata da watanni ana zagin wanda ya yi. Tun kana yaro haka kake, aiki ba magana. Ni na san wanda na haifa."

Ya ɗora hannuwansa biyu a kaina. Ya yi mini addu'a doguwa, irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, ya sa wa hannuna albarka, ya sa wa zuriyata, ya ce ya yarda da ni duniya da lahira. Mutane na ta amin. Shekara talatin da wani abu ina jiran hannun nan a kaina. Bakina ya buɗe sau biyu zan ce, Baba ba haka ba ne, kashe shi na je yi. Ban ce ba. Na ji daɗin hannun, shi ya sa. Na bar shi a kaina har ya ɗauke da kansa.

Da aka watse na tarar da ƙanena a bayan gida yana wanke faifan. Na ce, "Ka san ba gyara na je yi ba."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

"To me ya sa?"

Ya yarfe ruwan faifan. Ya ce, "Ni kullum yana sa mini albarka, har na daina ƙirgawa. Kai ne na ga kana bukata. Kuma tsohon nan kwanansa nawa ya rage? Bar shi ya tafi yana da 'ya'ya biyu." Ya rataye faifan a jikin zana ya shige wajen matarsa.

Baba ya rasu kafin ruwan farko, yana kan abin da ya yarda da shi. Ƙanena bai sake ɗaga maganar ba har shi ma ya bi shi, ko da wasa, ko ranar da muka yi faɗa a kan wani abu daban. Inabi kuwa na iya shi daga baya, na fi shi iyawa nesa ba kusa ba, har daga Dutsen Abba ake zuwa karɓar iri a wurina.

Amma a ranar, da na tsaya a bayan gida ina kallon bayansa, tsamin inabin na bakina, na laluba cikin zuciyata ina neman godiya. Ya kamata in same ta. Abin da na samu shi ne, yaron nan ya yi abin da ko shekara ɗari aka ba ni ba zan iya ba, ya kuma yi shi cikin sauƙi, yana wanke faifai. Na ji haushinsa ya taso mini sabo, ya fi na inabin zafi.